Hular Kwali: Littafin Gwajin Wasanmu na Ruwa

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau bayan la'asar muka yi karatun farko na wasan, a tsakar gidan Malam a Gwammaja. Mu tara ne, har da mai kalangu da ya leƙo kallo ya ƙare a cikinmu. Hazo ya rufe gari, ko Dala ba a gani sosai, kowa ya duƙunƙune a rigar sanyi yana karanta takardarsa yana jan hanci.

Labarin ba mai tsawo ba ne. Wata unguwa ce da famfonta ya daina zuba tun yaran da ke sakandare yanzu suna goye. Duk zaɓe sai an zo an yi musu alƙawarin rijiyar burtsatse. An taɓa haƙa guda, aka yanka ƙyalle, aka ɗauki hoto, ta yi wata uku ta tsaya cak. Akwai Mai Garuwa, akwai Kansila, akwai Ɗan Kwangila, sai Uwar Marayu wadda ranar da kuɗin jarka ya gagare ta ta ɗebo na kududdufi, amai da gudawa suka tafi da 'yarta. Da gangan ban raɗa wa kowa suna ba.

Da aka zo fitowar rasuwar, ƙanwar matata da ke yin Uwar Marayu ta karanta har muryarta ta shaƙe. Wuri ya yi tsit. Malam ya cire tabarau yana gogewa. Wani ya ce, "Wallahi wannan wasan sai ya sa mutane kuka." Aka juyo ana kallona, ana jiran in yi murna. Ni kuwa gabana ne ya faɗi. Na san wannan kukan. Shi ne wanda muke yi a gaban talabijin in an zalunci marainiya a fim, mu share hawaye, mu ce Allah ya isa, sannan mu aiki yaro ya kirawo mai garuwa. Cikinmu tara ba wanda ya tambayi inda kuɗin gyaran injin rijiyar ya shige, alhali don wannan tambayar na zauna na rubuta wasan.

Mako shida gare mu. So muke mu nuna shi kafin a ɗauki azumi.

Alhamis, 16 ga Janairu

Na zo musu da labarin Bertolt Brecht, Bajamushen nan marubucin wasan kwaikwayo da aka haifa a 1898 ya rasu a 1956. Autanmu ya kasa furta sunan, ya ce shi dai Baba Bireshi zai riƙa ce masa, sunan kuwa ya bi shi. Na gaya musu mutum ne da ya tsere daga Jamus a 1933 da Hitila ya hau mulki, ya yi ta yawon gudun hijira har Amurka, bayan yaƙi ya dawo ya kafa ƙungiyar wasa a Barlin ta Gabas a 1949 shi da matarsa Helene Weigel. Abin da ya dame shi duk rayuwarsa shi ne irin gidajen wasan Turai da ake kashe fitila, mutane su zauna cikin duhu su yi shiru kamar an yi musu asiri, su manta cewa wasa suke kallo. Shi kuwa so yake ɗan kallo ya zauna da hankalinsa a jikinsa, irin zaman mai kallon dambe da ya san dokar fage, yana gani yana auna wa ya yi kuskure. Don haka ya bar fitilu a fili kowa na gani, ya rage labule zuwa rabi, ya riƙa rubuta abin da zai faru a kowace fitowa tun kafin ta fara, ya sa waƙa ta katse labari, ya kawo mai ba da labari ya tsaya gefe. Sunan da ya ba dabarar da Jamusanci shi ne Verfremdung. Na kwana biyu ina neman Hausarsa. "Nisantarwa" ta kusa, amma ba ta kai ba. Na tsaya a kan "baƙuntarwa": ka ɗauki abin da mutum ya saba gani kullum ka mai da shi baƙo a idonsa. Bahaushe ya ce, ido wa ka raina? Ya ce wanda nake gani yau da gobe. Kurar mai garuwa a ƙofar gida ta zama kamar fitowar rana, ba mai tambayar dalilinta.

Malam ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "To malamin zamani, wannan abin da ka sha wahalar ɗaukowa daga Jamus, da me ya bambanta da tashe?"

Ya fara lissafi. Yaro ɗan shekara goma ya manna gemun auduga ya riƙe sanda yana rawar tsoho da gemu, wa ya taɓa ɗaukarsa tsoho? Kana ganin yaron, kana ganin tsohon, lokaci guda. 'Yan mata a wasan Mairama da Daudu, ɗaya ta sa babbar riga da hula ta zama miji. Jatau mai magani. Ɗan kama da ke kwaikwayon malami yana jan baƙi, alhali duk karatun nasa a kan tuwo da miya ne. Matan fada a wasan gauta suna kwaikwayon sarki da hakimansa. Ya ce ko tatsuniya, da "ga ta nan ga ta nanku" ake buɗe ta, a rufe da "ba don gizo ba da na yi ƙarya", wato mai labari da bakinta take gaya maka shiri ne. Ya nuna da haɓa wajen Mambayya, gidan marigayi Malam Aminu Kano, ya ce shi ma tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasanni na sukar zalunci, tun kafin a kafa jam'iyyar NEPU a 1950.

Na ce masa shi kansa Brecht ɗin a wajen wasu ya ga wani abin. A Mosko a 1935 ya kalli Mei Lanfang, ɗan wasan ƙasar Sin, namiji mai fitowa a mace, yana nuna motsin mace ba tare da ya ɓoye cewa shi namiji ne ba. Malam ya ce, "Ka ga ni ko? Daudu da Mairama."

Na dawo gida ina ta juya maganar. Gaskiyarsa ce, amma ta buɗe mini wata matsalar. In dai mutanenmu dama ba sa mantawa wasa suke kallo, to ciwon da Brecht ya yi wa magani ba shi ne namu ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Shekaranjiya a kan hanyata ta dawowa daga Kantin Kwari na tarar da taro a wata mahaɗa: adaidaita sahu ya gogi wata ƙaramar mota. Ba wanda ya ji ciwo. Abin da ya tsai da ni wani mai sayar da rake ne da abin ya faru a gabansa. Yana ba mutane labari. Ya ce, "Shi mai adaidaitan ya taho haka," ya kama kan babur a iska, ya karkace kafaɗa, ya leƙa baya kamar mai neman fasinja. "Shi kuma Alhajin yana waya," ya kafa hannu a kunne ya turo ciki. Ya yi wannan ya yi wancan, ya koma kansa ya ce, "To ku ku faɗa, wa ke da laifi?" Wani ya ce ai ba haka mai adaidaitan ya juyo ba, sai mai rake ya sake yi, a hankali wannan karon. Bai zama direban ba ko na daƙiƙa ɗaya. Iya abin da ake bukata don a yanke hukunci ya kwaikwaya, sauran ya bari.

Abin dariya, irin wannan misalin Brecht ya bayar a wani rubutunsa na 1938, na shaidar haɗari a bakin titi, ya ce shi ne tushen irin wasan da yake so. Na karanta shi ya fi sau biyar ban gane shi ba sai a gaban mai rake.

Yau na sa muka gwada. Akwai dabaru uku da Brecht yake ba 'yan wasansa lokacin gwaji: su faɗi maganarsu kamar labarin wani suke bayarwa, su mai da ita abin da ya riga ya wuce, su kuma karanta umarnin da ke cikin rubutun da ƙarfi. Ƙanwar matata maimakon ta ce, "Ba ni da ko sisi, ka taimake ni," sai ta ce, "Sai matar ta dubi mai garuwa, ta gyara mayafi, ta ce ba ta da ko sisi, ya taimake ta." Karo na farko duk muka fashe da dariya. Ta ce, "Yaya, wannan ai kamar ina ba da shaida a gaban alƙali." Na ce haka ɗin nake so. Karo na huɗu wani abu ya fito da ba ni na rubuta shi ba: da ta ce "ta gyara mayafi", sai ta gyara shi a hankali tana kallonmu, muka ga ashe matar tana rufe fuska ne don kada maƙwabta su ga tana roƙon ruwa. A karatun farko kuka ya haɗiye wannan.

Wanda ke yin Mai Garuwa bai ji daɗin abin ba. Burinsa shiga Kannywood, yana da 'yan bidiyoyi a TikTok, kuma ya iya zubo da hawaye duk lokacin da ya ga dama. Ya ce, "Yallaɓai, in ban shiga jikin mutumin ba ai ban yi aiki ba." Na ce ya shiga, ya ga abin da ke ciki, ya fito ya gaya mana.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Mai ba da labari na neman kashe mana wasa.

Na ba wani abokina matsayin, mai gabatarwa ne a wajen biki, bakinsa kamar reza. Na rubuta masa layi huɗu zuwa biyar a farkon kowace fitowa. Yau ya mai da huɗun arba'in. Ya tsaya yana nuna Kansila da yatsa: ɓarawo, azzalumi, maci amana, wanda ya sha jinin talaka. Daɗin ji kam akwai. Amma ina zaune sai na ji kamar na kunna rediyo da daddare sojojin baka na ragargazar juna. Mutumin Kano ya ƙoshi da wannan muryar. Da ya ji ta, tambaya ɗaya ke zuwa masa: wannan wa ya biya shi? Daga nan ya daina sauraro, ya koma lissafin ɗan wane gida ne.

Kuma in mai labari ya riga ya yanke hukunci, me ya rage wa ɗan kallo? Mun hana shi kuka mun ba shi wa'azi, duk dai a zaune zai karɓa. Na ce wa abokina, "Kai ba alƙali ba ne, kai mai rake ne." Sai da na ba shi labarin mai rake. Muka tsai da doka: abin da ido zai iya gani da abin da za a iya ƙirgawa kawai zai faɗa. Ranar kaza, jarka nawa, naira nawa, wa ya sa hannu. Kalmar zagi ko ɗaya babu. Ya ce an cire masa gishiri. Haka ne, an cire.

Sai rigimar hula. Wanda ke yin Kansila ya zo da jar hula, wai ita ya samu a gida. Malam ya ce a cire ta tun kafin maƙwabta su leƙo. A garin nan jar hula magana ce, tsintsiya magana ce, lema ma magana ce. Duk wadda ka ɗora wa Kansila, rabin 'yan kallo sun tafa, rabi sun toshe kunne, kowa ya koma gida da abin da ya zo da shi. Autanmu ne ya kawo mafita cikin wasa: ya yanki kwalin taliya ya naɗa hula ya kifa a kansa yana tafiyar ƙasaita. Muka dubi juna. Yanzu Kansila ba mutum ɗaya ba ne. Zaɓe huɗu ne a wasan, kowane zaɓe hular kwali za ta koma kan wani cikinmu, a gaban jama'a, kuma duk wanda ta hau kansa jawabin da na baya ya yi shi zai maimaita, kalma da kalma. A zaɓe na uku kan wanda ya fi kowa zagin Kansila a fitowar baya za ta sauka.

Malam ya ɗan yi jim ya ce mu dai yi a hankali. Ya tuna mana Ngugi wa Thiong'o na Kenya, wanda ya yi wasa da harshen Kikuyu tare da manoma da ma'aikata a ƙauyen Kamiriithu a 1977, a ƙarshen shekarar aka tsare shi, ya yi kusan shekara a kurkuku ba shari'a. Na ce Malam ai mu ba mu ambaci kowa ba. Ya ce, "Shi ya sa kowa zai ce da shi kuke."

Laraba, 5 ga Fabrairu

Ba a yi gwaji ba. Mai kalangu ya tafi biki Wudil, biyu suna jarrabawa. Na zauna na yanke shafi shida. Na sayo alli da ƙaramin allo na makaranta a Kurmi.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Kwana uku muna kan fitowar rasuwa.

Na ba su labarin wasan Brecht na 1939, na matar nan mai jan amalanken kaya tana bin sojoji tana sayar musu da abinci da tufa a yaƙin shekara talatin na Turai, wanda aka yi daga 1618 zuwa 1648. Yaƙin da take ci da shi, shi ya cinye 'ya'yanta uku. Akwai inda aka kama ɗanta, za ta iya fansarsa da cin hanci, ta tsaya tana ciniki tana neman ragi har aka harbe shi. Da aka fara nuna wasan a Zurich a 1941, mutane suka fita suna tausayin uwa mai juriya. Abin ya ƙona wa Brecht rai, sai da ya koma ya gyara wasu wurare don a ga hannunta a cikin abin da ya same ta. Wato shi ma mai dabarar kuka ya taɓa ƙwace masa wasa. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne dabararsa ta "ba kaza ba, kaza": ɗan wasa ya nuna abin da aka yi ta yadda za a hango abin da aka ƙi yi. Muka bi fitowar muna neman mararraba. Mun sami uku. Mai Garuwa zai iya ba da jarka ɗaya bashi, bai bayar ba. Maƙwabciya tana da randa cike, ta ji sallama ta yi shiru. Kwamitin unguwa ya tara kuɗin gyaran inji, aka karkatar da shi wajen tarbar Kansila, aka yi hayar rumfa da kujeru. A kowace mararraba mai kalangu zai buga sau ɗaya, kowa ya daskare, mai labari ya ce, "A nan zai iya cewa ɗauki. Bai ce ba." Sai a ci gaba.

Mai Garuwanmu ya yi gardama mai kyau. Ya ce in aka tsaya a kansa haka, an mai da shi mugu, alhali shi ma sayen ruwan yake a gidan mai rijiya, kurar ma haya ce, da yamma sai ya kai balas. Na ce to faɗa mana. Muka ba shi allo ya yi lissafin da kansa a gaban mutane: jarka goma sha biyu a kura, abin da ya biya mai rijiya, kuɗin haya, abin da ya rage masa. Yana gamawa ya ajiye alli ya koma cikin wasa ya hana matar ruwa. Ban taɓa ganin ya yi wasa mai kyau kamar na yau ba, kuma ko ɗigon hawaye bai zubar ba.

Rasuwar kanta mun fitar da ita daga idon mutane. Tun farkon fitowar za a rubuta a allo: "Yarinyar za ta rasu daren Talata." Kowa ya sani, ba sauran zullumin ko za ta tashi. Sai ido ya koma kan yadda aka yi aka kai can. Uwar ba za ta yi kururuwa ba. Za ta zauna ta wanke kofin da yarinyar ta sha ruwa da shi, da ragowar ruwan nan dai, don babu wani.

Ga inda na tsaya kan maganar Malam ta watan jiya. Mu a nan tazara ba ta yi mana ƙaranci ba. Ɗan kallonmu yana magana da ɗan wasa, yana ba shi shawara, yana cin gyaɗa. Namu ciwon guda biyu ne: ko mu narke da kuka mu ce ƙaddara, ko mu tuntsire da dariya mu ce ai wasa ne. Duk ƙofofin fita ne. Hular kwali tana ba da dariya sosai, har ina tsoron ta zama tashe kawai, a yi nishaɗi a watse. Don haka a zaɓe na huɗu mun cire kiɗa, mun cire tafiyar ƙasaita. Za a miƙa hular a shiru, a yi jawabin a shiru, Uwar Marayu na zaune a gefe da kofinta.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mun nuna. Filin wata makarantar firamare, bayan la'asar, ba dandamali, ba labule, tabarmi a gaba, benci a baya, mata a gefe ɗaya. Na ƙirga mutum ɗari da 'yan kai kafin yara su ɓata mini lissafi. Mun roƙi masu garuwa biyu na unguwar su zo, suka jingine kurarsu a bakin ƙofa suka tsaya daga baya.

Hula ta yi aikinta. A zaɓe na biyu da sabon Kansila ya buɗe baki ya fara jawabin na farko, wata tsohuwa ta riga shi ƙarasawa: "Kafin azumi ruwa zai zo!" Fili ya kece. A na uku jama'a suka haɗa baki suna faɗa tare da shi. A na huɗu ba wanda ya yi dariya. Wannan shirun ya fi mini duk tafin da aka yi.

Abin da ban shirya masa ba a wajen allo ya faru. Mai Garuwanmu na cikin lissafi sai ɗaya daga masu garuwan gaske ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Ba haka ba ne!" Ya ce mun manta ranar da ba wuta, mai rijiya ya tada janareto, kuɗin cika jarka ya tashi. Mun manta facin taya. Mun manta layin da ake bi tun asuba, wanda ke sa sawu biyar ya koma uku. Abokina mai labari ya dube ni. Na ɗaga masa kai. Ya ce, "Baba, bismillah, zo ka gyara mana." Mutumin ya ce shi bai iya rubutu ba. Yana faɗa ana rubutawa. Da aka ja layi, abin da ya rage masa a wuni bai kai rabin abin da muka sa ba. Wata mata ta ce ƙarya ne, ai su ne ke tsawwala wa mutane. Ya ce, "Hajiya, gobe ki karɓi kurar ki gwada sawu ɗaya." Sai da mai kalangu ya buga sau uku kafin a koma wasa.

Irin wannan ne Augusto Boal na Birazil ya gina salonsa a kai, inda ɗan kallo ke tsai da wasa ya shigo ya gwada tasa mafitar, kuma 'yan sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe suna kai wasa cikin Samaru da ƙauyukan Zariya suna tattaunawa da mutane. Ni dai ban tsara haka ba. Allon ne ya jawo. Da ka rubuta lamba a gaban mutumin Kano, ka gayyace shi ciniki.

An yi kuka a fitowar kofi duk da haka. Ƙanwar matata ta bi umarni, ba ta ɗaga murya ba, amma na ga mata suna jan gefen mayafi. Na daina ganin laifin wannan. Wadda na ga ta fi kowa share ido, ita ce bayan an tashi ta tare shugaban kwamitin unguwarsu tana tambayarsa kuɗin da aka tara bara na gyaran tasu rijiyar. Ban san da wannan maganar ba sam lokacin da nake rubutu. Shi kuwa ya ɗauka da shi muke, ya tafi ko sallama bai yi mana ba. Malam ya dube ni ta saman tabarau bai ce komai ba.

Kurakurai: muryar mai labari ba ta kai benci na baya, iska na kwashe ta. Rubutun allo ya yi ƙanana, kuma da yawa ba sa karanta boko, dole a riƙa faɗa da baki, wataƙila a ƙara da ajami. Daskarewa ta uku ta yi tsawo, yara suka fara shiga tsakanin 'yan wasa suna taɓa su.

Talata, 25 ga Fabrairu

Mun zauna bita a zauren Malam. Wani ɗalibin jami'a da ya kalli wasan ya biyo mu da tambayar da ta hana ni barci. Ya ce kowa a wasan an nuna abin da yake ci: Kansila, Ɗan Kwangila, Mai Garuwa, har maƙwabciya. Mutum ɗaya ne ba a taɓa ba, mai ba da labari. Ya tsaya tsaf da farar riga, ya san komai, ba ya shan ruwa, ba ya zaɓe. Ya ce, "Shi a ina yake samun nasa ruwan?"

Abokina ya yi dariya ya ce shi gidansu akwai burtsatse, har sayar wa masu garuwa suke yi. Muka yi shiru muna kallonsa. Wata shida muna tare a kan wasan nan tun ina rubutu, bai taɓa faɗa ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba.

Shawara biyu ke gabanmu. Ko mai labari ya faɗi wannan da bakinsa a tsakiyar wasa, bayan jama'a sun gama yarda da shi, ya karɓi kuɗin cika jarka daga hannun Mai Garuwa a gabansu sannan ya ci gaba da labari. Ko kuma a soke matsayin gaba ɗaya, labarin ya riƙa zagayawa kamar hular, kowa ya ba da na wani: Kansila ya ba da labarin Uwar Marayu, ita ta ba da na Ɗan Kwangila. Malam na son ta farko, ƙanwar matata na son ta biyu, abokina ya ce duk wadda aka zaɓa a bar masa farar rigarsa. Ni ina jin ta farko ta fi cizo, amma tana bukatar a sake rubuta fitowa ta biyar da ta shida.

Azumi ya ƙarato, mun dakata sai bayan salla. An ba Autanmu ajiyar hula, an ce ya yi mata sabon kwali don gumi ya jiƙa wannan. Mai garuwan da ya gyara mana lissafi ya aiko a tambaya ko za a sake yi a unguwarsu, wai abokan aikinsa na da nasu gyaran. Na ce a gaya masa ya zo gwajin farko bayan salla, kuma za mu biya shi kuɗin sawun da ya rasa. Sai na tambayi kuɗin sawu nawa ne a sabon lissafi, aka duba, ashe yara sun goge allon.